Yashin Dannet a fur ɗin Hansai

Duk wanda ya zauna unguwar Bukoki ya san ƙamshin gidan Hansai kafin ya san ƙofarsa. Da hantsi ƙamshin gato, wato kek, da la'asar na gasasshiyar kaza, kuma ko ɗigon hayaƙi babu. Mutanen Arlit kuwa akwai sa ido. Sun daɗe suna cewa matar nan ta bar murhu don lalaci, wai akwati ke yi mata girki. Masu faɗar haka su ne ke fara aiko da kwano ranar suna, ba kunya ba tsoron Allah.

Hansai mutuniyar Adar ce, daga wani ƙauye kusa da Tawa. Ta zo Arlit tana budurwa, wurin yayarta mai tuwon sayarwa a bakin tasha, lokacin da garin ke cike da manyan motocin kamyo da samari masu albashi. A nan Alkassoum ya gan ta. Ba'abzine ne ɗan Dannet, dogo, direban motar kamfani, fuskarsa cikin rawani sai idanu. Ya zauna kan benci ya ce mata, "Kai yarinya, kawo ruwa." Ta dangwarar da kofin ta ce, "Ni ba kai ba ce." Ya ce, "To, ka yi haƙuri." Hausarsa ba ta san mace ba, kowa kai ne a wurinsa. Har suka yi furfura bai gyara ba, ita ma ta gaji da gyara masa.

Danginta sun ce yunwa za ta kashe ta, wai mutanensa madara da shayi kawai suka sani. Danginsa sun ce yajin miyarta zai ƙone masa hanji. Ba wanda ya mutu. Suka haifi ƴaƴa, suka aurar, maza suka watse neman abinci, autarsu Mina ta auri wani direban hanyar Assamaka mai suna Zakariya'u.

Shekarar da aka rufe ramin haƙar uraniyom na Akokan aka sallami Alkassoum tare da sauran. Aka yi jawabi, aka yi tafi, kowa ya koma gida yana kallon bango. Mutum ya ba aiki ƙuruciyarsa kaf, a raka shi da tafi! Maza da yawa a garin nan daga ranar suka koma shan shayi a fada, majalisar hira ta bakin titi, daga safe har magariba, matansu ke riƙe da gida, kuma har yau ba a taɓa yi wa matan jawabi ba.

Cikin wannan zaman ne Zakariya'u ya dawo daga wata tafiya da kwali a kai. Tanda ce mai aiki da kuran, wato lantarki, irin wadda ake kira fur, ƴar ƙarama da mace ɗaya za ta rungume ta ta ɗora kan tebur. Tana da ƙofar gilashi, da ƙarfe a sama da ƙarfe a ƙasa masu yin ja in sun yi zafi, da wata ƴar fanka a ciki mai kewaya zafin ko'ina. Ya ce, "Inna, ga shi, ki huta da gawayi."

Hansai ba ta yi lakwal ba, ba ta san boko ba, ba ta kuma tambayi kowa ba. Ta ƙona gato har sai da kajin gidan suka ƙoshi, sannan fur ɗin ya saba da ita. Ta gane in ta kunna fanka gato ya fi tashi daidai, ba gefe ɗanye gefe baƙi. Ta gane in tana son fatar kaza ta yi ja ta yi ƙaras, sai ta ɗaga farantin kusa da ƙarfen sama ta tsaya a kansa, don yanzu-yanzu ne za ta wuce ja ta koma gawayi. Ta gasa tantabaru, ta gasa haƙarƙarin akuya, ta yi biskit na sallah. Suna da biki a unguwar suka koma ba sa cika sai da kwanonta. Alkassoum na zaune bakin ƙofa yana kallo, wani lokaci ya ce, "Akwatin nan ya fi ni aiki." Ta ce, "Shi ba ya shan shayi."

Sai tari ya zo wa Alkassoum. Da farko da asuba kawai, daga baya ba safe ba rana. Likita ya duba ƙirjinsa ya ba da magani, ya ce a nisanta shi da hayaƙi da ƙura. Ƙura, a Arlit! Sai dai a sa shi cikin kwalba a toshe. Hayaƙin dai Hansai ta iya masa: ta fitar da murhu daga gidan, ta hana turaren wuta, ko shayi sai a ƙofar gida ake dafawa a shigo masa da shi.

Abin da ya gagare ta shi ne cikinsa. Alkassoum ya daina ci. Maganin kuma mai ƙarfi ne, ba a shan sa da yunwa, in ya sha sai ya dawo da shi. Likita ya faɗa mata ƙiri-ƙiri, in bai soma ci ba sai an kai shi babban asibitin Agadez. Duk wanda ya san hanyar Agadez ya san ba hanyar mara lafiya ba ce. Alkassoum ya ji, ya juya fuska ga bango ya ce, "In kun sa ni a mota, ku haɗa da likkafani."

Ta dama masa kunu, ya kurɓa ya ajiye. Ta yi fura mai laushi, ta yi romo, ta gasa masa ƴar tantabara har ƙashinta na narkewa. Ya shinshina ya ce, "Allah shi maka albarka," ya ture. Masu zuwa dubiya kuma kowa da ilminsa. Wannan ta ce sammu ne, waccan ta ce abincin kuran ne ya busar masa da ciki, ta faɗa tana tauna gaton da aka ba ta. Hansai ba ta tanka ba. Da za ta tanka da an ji su a Akokan.

Wata rana da hantsi ta durƙusa gaban tabarmarsa, ta kama yatsun ƙafarsa da suka zama kamar kara.

"Maigida, don girman Allah, mi kaka so? Hwaɗa mini. Ko mine ne."

Can ya ce, "Tagella."

Tagella gurasar mutanen daji ce. Garin alkama da ruwa da gishiri, ba a sa mata abin tashi. A hura wuta kan yashi, in yashin ya yi zafi a ture garwashin, a binne kwaɓin a ciki, a mayar da yashi da garwashi a kai. In ta gasu a tono, a kankare, a ɗauraye, a gutsuttsura cikin man shanu. Hansai ta sha cinta a Dannet, amma ba ta taɓa yi ba.

Ta tafi wurin Attaher, tsohon abokin aikinsa, ta roƙe shi. Mutumin kirki, ya ɗauki babur ya fita can daji, nesa da gari, ya yi ta da hannunsa, ya kawo a naɗe cikin ƙyalle da sauran ɗuminta. Alkassoum ya gutsuri ɗan kaɗan, ya tauna, ya yi godiya. Bayan Attaher ya fita ya ce a ba maƙwabta.

"Ba ta yi ba?"

"Ya yi. Tagellar Attaher ne."

Ba ta gane ba, ta ɗauka sanyin da ta yi a hanya ne. Sai ta kwaɓa da kanta, ta shimfiɗa a faranti, ta sa a fur, ta kawo masa da zafinta tana tururi. Ya dube ta, ya dubi farantin.

"Hansai, wannan burodi ne."

Ta koma madafa ta tsaya gaban fur ɗin kamar za ta mare shi. Me ya rage? Gari ɗaya, ruwa ɗaya, gishiri ɗaya. Yashi ne kawai babu. To, yashin Arlit ba mai kai shi kusa da abinci yana sane, kowa na tsoron abin da iska ke kwasowa daga tuddan dattin haƙar ma'adinai na bayan gari. Ta ɗauki salula ta kira Dassin, ƙanwar Alkassoum da ke zaune a Dannet, abokiyar wasanta tun ranar da aka kawo ta gidan.

"Ki taho, ki zo mini da yashi."

"Da me?"

"Yashi. Na ƙoramar bayan gidanku, mai tsabta."

"Matarmu, ka haukace? Mutane suna aika cuku, kai kana aika a kawo ƙasa?"

"Ki haɗo da cukun."

Dassin ta iso a motar kasuwa, baƙin lulluɓinta ya yi fari da tafiya, da cuku da man shanu a gora, da rabin buhun yashi da ta yi faɗa da ɗan kamasho a kansa. Ta shiga ta ga yayanta, suka yi gaisuwarsu ta Tamajak mai tsawo, tafin hannu na shafar tafin hannu. Da ta fito idonta ya yi ja, amma bakinta na nan yadda yake.

"Ina akwatin? Yau zan ga yadda Bahaushe yake binne abinci a cikin gilashi."

Suka tankaɗe yashin, suka cika faranti mai zurfi, suka sa ya yi zafi. Hansai ta kwaɓa gari. Dassin ta ce ba a yin tagella ba toka, ƙamshin daga can yake. Ta fita ta ɗebo toka mai laushi a murhun maƙwabta, suka binne kwaɓin, ta barbaɗa tokar a kai har ta rufe yashin. Hansai ta tura farantin, ta rufe ƙofa, hannunta ya tafi inda ya saba zuwa kullum, ya murɗa maɓallin fanka.

Ba su ankara ba, suna ta gardama kan gishiri. Da Hansai ta waiga, gilashin ya yi dishi-dishi, ba a ganin komai a ciki. Ta yi salati ta fizge ƙofar. Fankar na juyi, ta feso musu tokar nan gaba ɗaya a fuska.

Suka fito tsakar gida suna atishawa, Hansai ta jawo ƙofar madafa ta rufe da sauri don kada ta kai masa. Gira fara, gashin ido fari, haƙora kawai ke motsi. Dassin na zagi da Tamajak, Hansai na rama mata da Adaranci.

"Ke kinka ce toka!"

"Ni na ce ka kunna guguwa?"

Alkassoum na kwance ɗakinsa, labule a ɗage, yana kallonsu. Sai suka ji wani sauti da gidan ya manta. Dariya yake, har kafaɗunsa na rawa. Tari ya biyo baya, Hansai ta wanke hannu ta ruga ta tallafe shi, ta ba shi ruwa, amma ko cikin tarin idanunsa na dariya. Da ya lafa ya ce a kawo masa sauran kwaɓin ya gani. Ya danna shi da yatsa, yatsan ya nutse ya fito da danƙo.

"Wa ya kwaɓa wannan?"

"Ni."

"Ka ba shi ruwa kamar raƙumi. Wannan ko a yashin Makka ba ya zama tagella." Ya dubi ƙanwarsa. "Kai kuma kana tsaye."

Dassin ta share fuska da gefen lulluɓi ta ce, "Ni yaushe na taɓa yi? A gidanmu kai kake yi. Tun Baba yana da rai, in an sauka zango, kai ne mai kwaɓi, kai ne mai tono, kai ne mai rabawa. Mu ci kawai muka sani."

Hansai ta dubi kwanon da ke hannunta. Wata da watanni tana durƙusa masa da cokali kamar jariri. Mutumin da ya ciyar da ayari tun bai yi gemu ba, ya ciyar da gida har ƙarfinsa ya ƙare, yanzu ko kofin shayinsa wani ke dafawa a waje a miƙo masa. Attaher bai yi kuskuren komai ba. Ita ma burodinta ba shi da laifi.

Ranar nan ta wuni wankin fur. Toka ta shiga ko'ina, har bayan fanka, ta bi da tsumma da tsinken tsintsiya lungu-lungu. Ta sake tankaɗe wani yashin daga buhu.

Washegari bayan rana ta ɗaga, ta rungumo fur ɗin daga kan tebur, ta shigo da shi ɗaki, ta ɗora kan bulo gefen tabarmarsa. Ta jawo doguwar waya ta haɗa. Ta ajiye gari, da gishiri, da buta, da akushi, ta ja da baya ta zauna.

"Mene ne wannan?"

"Ga wuta, ba hayaƙi. Ga yashin garinku. Ni na gaji, ba ni iyawa. In kana son tagella, ka yi abinka."

Ya dube ta da kyau. Ya san ƙarya take, matar da ba ta taɓa gajiya da girki ba. Ya ce a tashe shi zaune. Dassin ta sa masa matashi a baya, ya naɗe hannun riga, ya wanke hannu har gwiwa, ya yi bisimilla.

Kwaɓin ya ɗauke shi lokaci mai tsawo. Ya zuba ruwa kaɗan-kaɗan daga tafin hannu, ya danna, ya ninka, ya tsaya ya huta yana numfashi da baki. Jijiyoyin hannunsa suka tashi, gumi ya tsattsafo a goshi. Sau da yawa Hansai ta yunƙura za ta karɓa, Dassin ta danne mata gwiwa ba tare da ta dube ta ba. Ya ci gaba. A hankali kwaɓin ya daina kama yatsa, ya yi santsi, ya yi tauri. Ya mulmula shi, ya faffaɗa tsakanin tafukansa, ya yi masa faɗin faifai.

"Yashi ya yi zafi?"

Hansai ta jawo farantin da tsumma. Ya kawo bayan hannunsa kusa, ya ce a mayar, da saura. Da ya yarda, ya karɓi ludayi ya buɗe rami a tsakiya, ya kwantar da kwaɓin, ya ja yashi ya rufe.

"Garwashi fa?" in ji Dassin.

Hansai ta nuna ƙarfen sama da ya yi ja. "Ga shi nan. Sai in ɗaga farantin kusa da shi, kamar na kaza."

"Ɗaga," in ji Alkassoum. "Amma kar ka taɓa guguwar nan."

"Ko da kuɗi."

Suka zauna su uku suna kallon gilashi, ba abin gani sai yashi da jan haske a kansa. Ƙamshi ya soma fita, ba irin na gato ba, wani ƙamshi busasshe na ƙasa mai zafi da alkama. Alkassoum ya lumshe ido yana shaƙa. Can ya ce a fito da shi, ya tono da ludayi, ya juya ta, ya sake binnewa. Ba a daɗe da mayarwa ba fur ɗin ya yi ɗif, jan ƙarfen ya soma dushewa. An ɗauke kuran.

Hansai ta dafe kai. "Yau kuma? Yanzu? Allah ya isa tsakanina da…"

"Zauna," ya ce. "Kar ka buɗe. Wuta ya gama aikinsa, saura na yashi."

Ta zauna. In ta fito ɗanya, ta san ba zai sake samun ƙarfin wani kwaɓin ba yau, wataƙila har gobe, likita kuma ba zai ƙara jira ba. Shi ko a jikinsa. Yana ba Dassin labarin wata rijiya da suka taɓa sauka da babansu, suna gardama kan sunan raƙumin da ya cije shi.

Da ya ga dama ya ce a buɗe. Ya tono ta, ya ɗora kan gwiwa bisa ƙyalle, ya ƙwanƙwasa da bayan cokalin shayi, ya karkata kunne. Ya ƙwanƙwasa gefe, ya ƙwanƙwasa tsakiya. Ta amsa da sauti kamar ƙwarya.

"Ya yi."

Ya kakkaɓe ta, ya kankare da wuƙa, ya ɗauraye da ruwan buta, tururi ya tashi. Sannan ya shiga gutsuttsurawa cikin akushi, ƙanana-ƙanana, yana hura yatsu. Dassin ta tsiyaya man shanu, ya ce ƙara, ta ƙara. Ya marmasa cuku a kai, ya juya da hannu. Ya tura akushin tsakiya.

"Ku ci."

"Kai anka yi wa," in ji Hansai.

"Ni na yi. Mai yi ba ya fara ci. Sa hannu."

Ta sa hannu. Dassin ta sa. Ta tauna, ga tauri a baya, ga laushi a ciki, man ya ratsa ko'ina. Ba ta ɗaga kai ba, tsoro take kada kallonta ya kore shi. Ta gefen ido ta ga dogon hannun ya shigo akushin, ya ɗauki loma, ya ɗaga amawali ya kai baki. Ya tauna a hankali. Hannun ya dawo. Ya sake dawowa. Dassin ta buɗe baki za ta yi magana, wannan karon Hansai ce ta danne mata gwiwa.

Ba wani ci mai yawa ya yi ba, abin da yaro zai ci ne. Amma ya ci, ya suɗe yatsu, ya yi hamdala. Hansai ta miƙa masa ƙwayoyin maganin da ruwa, ya haɗiye, suka jira. Maganin ya zauna. Ya jingina da matashi ya ce wa ƙanwarsa ta je ƙofar gida ta dafa shayi, mai ƙarfi, ba irin ruwan wankin da ake ba shi ba.

Hansai ta kwashe akushin ta tafi madafa. Ta zauna kan turmi, ta rufe fuska da gefen zane, kafaɗunta na rawa, ba ta bari sauti ya fita ba. Tana nan ta ji muryarsa daga ɗaki, siririya amma da umarni a cikinta.

"Hansai!"

Ta share ido, ta gyara murya. "Na'am, Maigida."

"Gishiri bai ji ba. Ka rufe garin nan da kyau, gobe da wuri zan kwaɓa."